Ciyawar Tsohuwar Makabarta

Khairiyya ta rasu a ƙarshen damina, wata Laraba da hantsi, bayan ta yi kusan shekara tana fama da ciwon ƙoda. Mijinta Mu'az malamin jami'a ne a nan Gombe, ilimin tsirrai yake koyarwa, a cikin tsirran ma ciyayi ne fanninsa. Sun haura shekara goma da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu ne a gidansu na Arawa, sai mahaifiyarsa, Dada Fanta, wadda ta dawo wurinsu da jinya ta yi tsanani.

An yi wa gawar salla a ƙofar gidan mahaifinta, Alhaji Iro, a Pantami. Alhaji Iro mutumin Katsina ne, sayar da yadi ya kawo shi Gombe tun yana saurayi, kuma shi ya ce a kai ta tsohuwar makabartar da ke bayan Barunde, kusa da uwarta. Makabartar ba ta da katanga. Ta gabas wani kwari yana cin ta duk shekara, ta yamma gidaje sun matso har ana jin kukan yara daga cikinsu. Ciyawa ta kai gwiwa, wani wurin har ƙugu, sai da masu haƙa suka buɗe hanya da adda kafin a wuce da makara.

Mu'az yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari. Ya kwantar da ita a kan damanta, aka jera itace a sama. Sai aka ce a kawo ciyawa a toshe tsakanin itatuwan kafin a sa laka. Wani ya yanko runguma guda daga gefe ya miƙa masa.

Yana karɓa tafin hannunsa ya gaya masa wannan ba gamba ba ce, ba kuma kyasuwa ba. Ya duba. Ganyenta siriri ne, a naɗe kamar tsinke. Gindin karanta ja ne kamar an tsoma shi a zoɓo. Kanta ya rabu biyu, kowane reshe da farin gashi mai laushi, kowace ƙwaya da doguwar wutsiya a murɗe. Inda adda ta yanke ta wani ƙamshi yana tashi, kusa da na ciyawar jema amma ya fi shi sanyi. Babu ciyawar ƙasar Gombe da Mu'az bai sani ba, ya bi duwatsu da fadamu da burtalai yana tattara su tun yana ɗalibi. Wannan bai taɓa ganinta ba.

Bai san ya daɗe yana kallonta ba sai da na kusa da shi ya taɓa kafaɗarsa. Ya yi sauri ya shimfiɗa ta a kan itacen, aka miƙo laka, aka mai da ƙasa. Da ake addu'a ya ɗaga hannu tare da jama'a, amma kunya ce ta cika shi. Matarsa tana ƙasa, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba, shi kuwa kansa yana lissafin wane dangin ciyawa ne mai kai biyu da wutsiya a murɗe. Bai yi kuka a makabarta ba, bai yi a wurin zaman makoki ba. Mutane suka riƙa yaba dauriyarsa, kowane yabo kuwa sai ya ji kamar an tona shi.

Bayan an share makoki Dada Fanta ta tattara kayan Mu'az za ta bayar a wanke, sai ta sami karan ciyawar guda a aljihun rigar da ya sa ranar jana'iza. Shi kansa bai tuna lokacin da ya sa shi a ciki ba. Ta murza shi a yatsunta, ta kai hanci. Ta ce ƙamshin ɗakin kakarta ne a Deba, tsofaffi suna sa irinta a cikin adudu tare da tufafi. Ya tambaye ta sunanta. Ta faɗi wani suna da Fulatanci, sannan ta girgiza kai ta ce a'a, wannan na wata ce mai fitowa a bakin rafi. Ta kira yayarta a waya, yayar ta ce ita ko ƙamshin ba ta tuna ba. Dada ta miƙa masa karan, ba ta tambaye shi inda ya samo ba. Ya ga alamar ta sani.

Da ya koma aiki ya kai karan wurin Dokta Hilda, abokiyar aikinsa 'yar Kaltungo, wadda suke ofis ɗaya tun da aka ɗauke su. Ita ce ta riƙa karɓar masa darasi duk lokacin da ya kai Khairiyya wankin ƙoda. Ta sa ƙwayar a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta daɗe tana juya ta da allura. Suka buɗe duk littattafan da ake tantance ciyayi da su, ko wanne ya kai su dangin gamba sai ya tsaya. Daga ƙarshe suka ɗauki hotuna suka aika wa wani tsohon malaminsu a Zariya, tare da rabin karan a cikin ambulan.

Tsohon malamin ya kira da kansa. Ya ce ciyawar sananniya ce a rubuce, tana da sunanta na Latin, amma tun kafin a sami 'yancin kai ma'aikatan gandun daji suka tsinko ta sau biyu ko uku a wani wuri tsakanin kogin Gongola da duwatsun Tangale, daga nan ba wanda ya sake kawo ta. Shi kansa a bushe kawai ya taɓa ganinta, manne a takarda. Ya ce abin da ake bukata yanzu shi ne a san ina da ina take, kuma a hanzarta, domin da zarar kanta ya zube ba mai iya bambanta ta da sauran ciyayi sai baɗi.

Mu'az ya kama nema kamar wanda aka ba aikin da zai cece shi. Gidan Arawa ya yi masa faɗi. Takalman Khairiyya suna nan a bakin ƙofa, Dada ba ta ɗauke ba, shi ma bai ce a ɗauke ba. Duk ranar da ba shi da darasi sai ya fita tun da sassafe. Ya hau dutsen Liji, ya zagaya gindin Bima, ya bi burtalin da ya nufi Dukku, ya shiga gefen gonaki a hanyar Kumo. Ko'ina abu ɗaya yake gani: masara da wake har bakin kwalta, inda ba a noma ba kuwa shanu sun aske shi, sai ƙarangiya da tafasa. Ya kan dawo da yamma ƙafar wandonsa cike da ƙaya, ya ci abin da Dada ta ajiye masa, ya kwanta a falo. Ɗakinsu bai cika shiga ba.

Makabartar Barunde kuwa yana zuwa duk mako. Ya auna faɗin inda ciyawar take, wani lungu ne ta arewa, wurin tsofaffin kaburbura da suka baje har ba a gane su. Kabarin Khairiyya yana bakin lungun. In ya gama aunawa da ɗaukar hoto sai ya tsaya a kanta ya yi mata addu'a a gurguje, ya juya.

Damina tana gab da ɗaukewa Hilda ta je gida bikin binne wani kawunta. Daga can ta kira shi. Ta ce tana tsaye a tsohuwar makabartar majami'arsu, a gindin dutse, inda aka binne Kiristocin farko na garin, kuma ga ciyawar nan tana taɓa mata gwiwa.

"Malam, ba a daji za mu neme ta ba," in ji ta. "Dajin ya ƙare. Inda ba a noma kuma ba a kiwo, nan ta rage."

Ya zauna a bakin gado da wayar a hannu. Abin a fili yake, ya yi mamakin yadda bai gane ba. Saiwar ciyawar ba ta nitsewa cikin ƙasa, garma ɗaya ta ishe ta. Ga ƙamshi da laushi, saniya in ta ja sai ta tumɓuke ta har gindi. Wurin da garma ba ta shiga, makiyayi kuma yake jin nauyin kora shanunsa, a ƙasar nan yanzu guda ɗaya ne: makabarta.

Rani ya shigo ya katse su. Mu'az ya yi ranin yana tambayar tsofaffin ɗalibansa da direbobin tasha inda tsofaffin makabartu suke a garuruwansu, musamman waɗanda aka daina binnewa a ciki. Da damina ta dawo ciyayi suka fara fitar da kai, sai ya kama hanya. Duk garin da ya je ya kan fara gaida mai unguwa ko liman, ya faɗi abin da ya kawo shi. Wasu su yi dariya su haɗa shi da mai rakiya, wasu su ce sai sun yi shawara, kuma ya san ma'anar hakan.

A hankali hoton ya fito. Ta arewa maso yamma, wajen Dukku, babu ita, ƙasar ta cika yashi da bushewa. A baƙar laka ta ƙasar auduga ma babu. Inda take shi ne jar ƙasa mai tsakuwa a gindin duwatsu, wurin da ruwa yake tsattsafowa daga dutse bayan an ɗauke sama. Ya same ta a wata makabarta kusa da Deba, ya same ta a wata a kudancin Kumo, ga ta Kaltungo, ga ta Barunde. Da ya ɗiga wuraren a taswira sai suka yi layi mai lanƙwasa kamar lauje, daga Gombe ya gangara kudu. Hilda ta bi layin da yatsa ta ce a da duk wannan tsakanin ita ce, mutum zai iya tafiya daga nan har garinsu yana taka ta. Abin da ya rage yanzu, in aka haɗa shi duka, bai kai filin ƙwallon Pantami ba. Kuma wuraren sun yi wa juna nisa, iska ba za ta kai irin wannan wurin wancan ba.

A wani ƙauye gabas da Deba ne abin ya ɓaci. Ya isa da azahar, hadari ya haɗu, ya ga in ya tsaya neman mai unguwa ruwa zai riga shi. Makabartar tana bakin hanya, sai ya ajiye mota ya shiga. Ciyawar tana nan, ta fi ta ko'ina yawa da kyau, har ya ji wani abu mai kama da farin ciki, wanda ya daɗe bai ji ba. Ya durƙusa ya fito da 'yar wuƙarsa, ya tono gindi ɗaya da saiwarsa, ya ɗebi ƙasar wurin ya zuba a leda.

Wata mata da ke dawowa daga gona ta hango shi. Kafin ya miƙe samari sun kewaye shi da sanduna. A shekarun nan labarin masu tone kaburbura ya yi yawa, ba wanda ya tsaya jin bayani. Suka zazzage jakarsa: ga wuƙa, ga saiwoyi, ga ƙasar makabarta ƙulli-ƙulli, ko wanne da rubutu a jiki. Wani ya sauke masa sanda a kafaɗa, wani ya buge masa baki. Yana faɗin sunan jami'a yana faɗin ciyawa, kalmar tana fita daga bakinsa tare da jini, shi kansa ya ji yadda ba ta da ma'ana a kunnensu. Limamin garin ne ya ratso ya tsaya a kansa, ya ce duk wanda zai ƙara dukansa sai ya fara da shi.

A gaban dagaci aka duba katin aikinsa, aka kira jami'a, aka tabbatar. Dagacin ya ba shi haƙuri, ya sa aka kawo ruwa ya wanke bakinsa. Sannan ya ce masa, cikin ladabi, iyayensu ne a kwance a wurin, kuma zai fi son kada ya sake dawowa. Bayan mako biyu wani ɗalibinsa ɗan yankin ya gaya masa cewa mutanen ƙauyen ba su gamsu ba. Sun yi gayya sun nome makabartar tas, sun kwashe ciyawar sun zubar a rafi, suna neman abin da baƙon ya binne.

Mu'az ya kwana biyu bai fita ba. Kafaɗar ta kumbura, Dada tana gasa masa da ruwan zafi. Ba ta yi masa faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne da bai je ba da ciyawar tana nan, ta faɗe shi ba da nufin ta soke shi ba, kamar mai faɗin abin da ta gani.

Labari ya kai Pantami. Alhaji Iro ya aiko a ce yana son ganinsa. Mu'az ya same shi bayan la'asar a zaurensa, a kan darduma, ya rame ƙwarai tun rasuwar. Suka gaisa, tsohon ya dubi leɓensa da bai gama warkewa ba, ya kawar da kai. Ya ce mutane suna kawo masa maganganu, wasu na cewa surukinsa ya taɓu, wasu na faɗin abin da ya fi haka muni, shi dai bai karɓi ko ɗaya ba. Ba wannan ne ma ya sa ya kira shi ba. Khairiyya ta kusa shekara da rasuwa, yana so ya yi mata sadakar da za ta daɗe. Ya yi magana da masu unguwa da kwamitin makabarta, zai kewaye ta da katanga, a tare bakin kwarin da duwatsu, a yi feshi a kashe ciyawar duka. Ko a watan jiya maciji ya sari wani mai haƙa. Ya ce yana so in ya je gaida 'yarsa da uwarta ya ga kabarinsu daga bakin ƙofa.

Mu'az ya yi godiya, ya yi addu'a Allah ya kai ladan. Ya san abin da tsohon ya faɗa gaskiya ne, ba abin da za a ce a kai. Amma ya sunkuyar da kai ya roƙi a bar lungun arewa. Ya yi bayanin taswira, da jar ƙasa, da cewa wurare kaɗan ne suka rage a duniya kuma ɗaya ya riga ya tafi ta dalilinsa. Ya ce ko wata ɗaya aka jinkirta, irin zai nuna ya tara.

Alhaji Iro ya saurare shi har ya gama.

"Malam Mu'azu, ranar da muka sa ta a ƙasa ina tsaye a kanka," in ji shi. "Na ga abin da kake kallo. Ban gaya wa kowa ba, amma ban manta ba."

Wani mai sayar da rake ya wuce ta ƙofar zauren yana tura baro.

"Baba, ban san yadda zan je wurinta ba," in ji Mu'az daga baya. "In ba don ciyawar nan ba, ban jin zan iya taka makabartar ko sau ɗaya. Ita nake cewa zan je dubawa."

Kukan da bai yi ba shekara guda ya zo masa a zauren surukinsa, inda bai kamata ba, ya rufe fuska da hularsa. Tsohon bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya bar shi har ya lafa, sannan ya tura masa buta. Ya ce ya je ya kafa turaku ya ja igiya a inda yake so a bari, zai gaya wa masu aikin.

Washegari Mu'az da Hilda suka je. Ita ta tsaya a bakin hanya tana miƙo masa turakun, shi ya kafa su ya zagaye lungun da jar igiya. Ya kuma tono gindi biyu da ƙasarsu ya kai gida ya dasa a tukwane, don ko ta kwana.

Alhaji Iro ya cika alkawari, ya gaya wa ɗan kwangilar. Amma a makon da za a yi feshin aka yi wa Alhajin rasuwa a Katsina ya tafi, ɗan kwangilar kuma yana can wurin sayen bulo, sai ya turo masu feshi su kaɗai. Suka ga wuri an zagaye da igiya, ciyawarsa ta fi ta ko'ina tsawo, suka ɗauka nan ne aka fi so a kashe. Suka fara da shi, suka yi masa sau biyu.

Mu'az yana jarrabawar ɗalibai a makon, sai ranar Asabar ya je. Tun daga nesa ya ga launin ya sauya. Lungun ya yi ruwan ƙasa, kawunan sun sunkuya, farin gashin ya manne. Ya murza ƙwaya ɗaya a yatsa, ruwa-ruwa ce, ba ta nuna ba. Warin maganin ya danne ƙamshin. Ya tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe igiyar, ya sa a bayan mota. Da Alhaji Iro ya dawo ya ji, ya kira ɗan kwangilar ya yi masa faɗan da ba a taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ya kira Mu'az kuma, suka gaisa kawai suka ajiye.

Na cikin tukwane sun yi rani da rai, Dada tana ba su ruwa safe da yamma. Da zafin bazara ya tsananta sai suka fara rawaya daga gindi. Mu'az ya sauya musu ƙasa, ya mai da su inuwa, ya dawo da su rana. Kafin ruwan farko sun ruɓe. Irin da Hilda ta tara a Kaltungo suka shuka a ɗakin gwaji, kaɗan suka tsiro, suka kai tsawon yatsa suka tsaya, suka mutu. Suka rubuta abin da suka gano, da taswirar, aka buga a wata mujallar masana. Tsohon malaminsu na Zariya ya kira ya yi musu barka. Ban da shi ba wanda ya kira. Suka kai kwafi ofishin da ya kamata, aka karɓa da fara'a, aka ce za a duba.

Katanga ta tashi, an shafa mata farin fenti, an sa ƙofar ƙarfe. Kwarin ya daina ci. Kowa a Barunde yana sa wa Alhaji Iro albarka, kuma sun yi gaskiya. Da damina ta zauna makabartar ta sake yin kore, amma ƙarangiya ce da kashin yawo, masu zuwa duk inda aka kashe na wurin. Mu'az ya ci gaba da zuwa. Yanzu ba ya ɗaukar jaka. Ya kan zauna a kan dutse kusa da kabarin ya daɗe, wani lokaci ya yi addu'a.

Wata Juma'a da safe, wajen ƙarshen damina, wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Iro ne. Ya ce yana makabarta, ya ga wani abu a jikin katanga ta arewa, yana so ya zo ya duba. Idon tsohon ya yi yana a shekarar, ba ya tuƙi, a Keke Napep yake zuwa.

Mu'az ya same shi a durƙushe, babbar rigarsa tana jan ƙasa, ya kewaye wani ɗan gindin ciyawa da tsakuwa don kada a taka. Ya ce tun farkon damina yake bin katangar duk Juma'a yana dubawa, bai faɗa ba ne don kada ya sa masa rai a banza. Wannan kuwa ya ga gindinta ja, ga kai ya rabu.

Mu'az ya durƙusa kusa da shi. Tun kafin ya taɓa ya gane. Gamba ce ƙarama, wadda ƙasa mara ƙarfi ta hana girma. Ya juya ganyen, ya murza, ya kai hanci, ya ja lokaci fiye da yadda ake bukata. Tsohon yana kallon fuskarsa da idanun da ba sa gani sosai. Mu'az ya yi tunanin ya ce ita ce. Ba wanda zai taɓa ganewa.

"Ba ita ba ce, Baba," ya ce. "Gamba ce."

Alhaji Iro ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya yunƙura zai tashi gwiwa ta ƙi, Mu'az ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa rigar. Suka je kan kabarin Khairiyya da na uwarta suka yi addu'a tare. Da suka fito mai gadi ya ja ƙofar ya rufe.

A mota tsohon ya tambaya ko ta Kaltungo tana nan. Mu'az ya ce tana nan bana, amma Hilda ta ce majami'ar tana maganar faɗaɗa gini. Ta Kumo fa? Ya ce bai je ba tukuna. Tsohon ya ce in zai je ya gaya masa, yana da abokin ciniki a can wanda ya san hakimi, gara a shiga ta hannun manya. Mu'az ya ce to. Suka shiga cunkoson hanyar Pantami, masu zuwa masallaci sun fara fitowa da dardumansu, aka fara yayyafi. Ya kunna abin share gilashi, ya rage gudu saboda ramuka.